Abin da Aka Share a Hoton Yaya

Auta ya ba hamsin baya, furfura ta gama da gemunsa, amma a gidansu har gobe Auta ne, kuma in Yayansa ya ƙwala masa kira da rawar jiki yake amsawa kamar za a aike shi sayen ashana. A asibiti kuwa Babban Mai Hoto ake ce masa. Shekara goma sha tara ya yi a bayan gilashin ɗakin MRI, injin nan mai ƙaton baki da ake zura mutum a ciki a ga abin da ke ƙarƙashin fata ba tare da an tsaga shi ba. Ya san injin kamar yunwar cikinsa, har takan kai daga kukan da ya yi da safe ya gane ko ranar za a wanye lafiya.

Yawancin mutane sun ɗauka kyamara ce a ciki. Ba haka ba ne. Injin ƙwanƙwasawa yake ya kasa kunne: ya aika igiyoyi cikin jiki, ruwan da ke jikin ya amsa, shi kuma ya tattara amsar layi-layi, lambobi zalla, sannan kwamfuta ta sarrafa lambobin su zama hoto. Sauraron layukan nan kaf shi ke cin lokaci, shi ya sa ake shanya mai ciwo rabin awa ba motsi ba tari. Bara sai asibitin ya sa wata sabuwar manhaja mai sauri. Layi ɗaya cikin biyar take saurara, lissafi ya cike gurbin sauran, ya kuma share dishi-dishin da ke ɓata hoto. A gefen allo akwai ma'auni daga ɗaya zuwa goma, na yawan sharar da za a yi. Dokar sashen ita ce kada a wuce uku.

Wadda ta kafa dokar ita ce Injiniya, wata 'yar siririyar mata mai tabarau da ba ta cika magana ba. Ba likita ba ce, ko allura ba ta taɓa riƙewa ba, sigina ne sana'arta. An ba ta tsohon ɗakin ajiye zannuwan gado a ƙarshen baranda, ta cusa tebur da alluna biyu da wata fanka mai juyawa da ƙyar. Kwana uku take yi a asibiti, sauran biyun tana wani ɗakin gwaje-gwaje inda suke leƙa cikin roba da fenti da bandeji da wasu igiyoyi da ake kira terahaz. Ita ta hana a goge ɗanyen sigina, wato lambobin nan kafin a taɓa su, ko da kuwa kwamfuta na kukan ta cika. Kowace Litinin kuma sai ta zauna ta bi aikin makon da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, kuma ba hotunan take kallo ba, abin da manhajar ta share ta zubar take kallo. Masu hoto suka laƙaba mata Mai Tonon Shara, a bayan idonta mana, don a gabanta Injiniya suke cewa har da rusunawa. Auta ba ya ƙinta, sai dai yana ganin abin nata ya yi yawa. Ya sha faɗa a wurin shan shayi cewa in an share ɗaki tas, me kuma ake nema a bola.

Yayan Auta direban tirela ne. Shi ya riƙe shi tun da mahaifinsu ya rasu, shi ya kai shi makaranta, shi ya yi masa aure. Shekara talatin da ɗoriya yana kan sitiyari bai taɓa kwana a asibiti ba. Sai ga ciwon baya ya sa shi gaba, daga nan ƙafafu suka fara nauyi. Ranar da ya taka kuloci a kan wata gangara ya ji kamar da ƙafar aro ya taka, ya lallaɓa gefen titi ya kashe mota, ya kira Auta. Mutumin da ko zazzaɓi ɓoyewa yake, ran nan da bakinsa ya ce tsoro yake ji. Auta bai ga laifinsa ba, don duk abin da Yaya ya mallaka a duniya da ƙafafun nan biyu ya taka ya samu.

Likitan jijiyoyi ya rubuta a ɗauki hoton gadon baya, Auta ya ce ba mai ɗauka sai shi. Ranar Talata da hantsi aka kwantar da Yaya a bakin injin. Kwanciya rigingine ita ce abin da bayan ya fi ƙi. Minti biyu ya daure, a na uku ya fara muskutawa, a na huɗu muryarsa ta fito ta lasifika a shaƙe.

"Auta, fitar da ni."

Auta bai taɓa jin Yayansa ya roƙi kowa komai ba. Ya bari layukan ƙarshe suka shiga, ya ruga ya zaro shi, ya same shi sharkaf da gumi yana cije leɓe. Yaya ya rantse ko yanka shi za a yi ba zai sake shiga wannan ramin ba.

Hoton ya fito, amma dishi-dishi, don motsin ya ɓata shi. Auta ya san abin da ya kamata sarai: a ba mai ciwo maganin kashe zafi, ya huta, a mayar da shi. Da wani ne, haka zai yi ko ƙifta ido ba zai yi ba. Amma ta gilashi yana hango Yaya zaune a bakin gado, matarsa na goge masa fuska da gefen mayafi. Hannunsa ya kai kan ma'auni. Ya sa huɗu, hoton ya ɗan washe. Ya sa shida, ƙasusuwan suka jeru reras. A tara ya tsaya, kuma Allah ya sani tunda yake bai taɓa fitar da hoto mai kyan wannan ba, laka, jijiyar nan ta gadon baya, ta miƙe sumul a tsakiyar ƙashi, ko ɗigo babu. An ce so hana ganin laifi, to har laifin kai yana hana gani. A ransa cewa ya yi ai Yaya ya cancanci hoton da ya fi na kowa kyau.

Likita na da mutum arba'in a layi. Ya duba hoton sama da ƙasa, ya ce bai ga abin da ke danne laka ba, gajiyar shekaru ce irin ta direbobi. Ya rubuta magani da gashin baya, ya ce a dawo bayan wata guda. Auta ya raka su har bakin titi yana tsokanar matar Yaya, wai ta adana hawayenta, mijin nan nata sai ya ga tsufansu su duka. Da farin ciki ya koma bakin aiki.

Laraba Yaya ya nemi sanda. Juma'a sai da matarsa da maƙwabci suka kama shi ya kai banɗaki. Lahadi Auta ya same shi a kujerar tsakar gida, an ɗora masa ƙafafun a kan matashi, yana kallonsu kamar kayan da wani ya ba shi ajiya. Ya yi dariyar ƙarfin hali, ya ce hoton Auta ya ce lafiyarsa ƙalau, ƙafafun ne ba su samu labari ba. Auta ya taya shi dariya, ya ce maganin bai gama bin jiki ba. Ya koma gida da damuwa, amma ko sau ɗaya bai zargi hoton ba, don shi ya ɗauka da hannunsa.

Litinin da ƙarfe goma Injiniya ta tsaya a ƙofar ɗakinsa.

"Babban Mai Hoto, in kun samu sarari ina son ku ga wani abu."

Ya bar wa abokin aikinsa kujera ya bi ta. A allon hagu hoton nan ne mai kyau, tun kafin ya karanta lambar ya gane shi. A allon dama ba komai sai toka-toka. Ta yi masa bayani a hankali, ba tare da ta kalle shi ba. Takan ɗauki hoton da aka gama, ta mayar da shi lambobi, ta ɗebe su daga ɗanyen siginan da injin ya ji da kunnensa. Abin da ya rage shi ne sharar. Ta buɗe masa na mutum uku, duk yashi ne watse ko'ina, ba kai ba gindi. Sannan ta dawo kan wannan, ta kai bakin biro daidai tsakiyar baya. A cikin yashin akwai wani ɗan abu mai tsayi, gefensa a zane.

"Shara ba ta da siffa," in ji ta. "In kuka ga siffa a cikinta, to da kayan mutane aka haɗa aka share."

Ta ce an gina manhajar ne a kan zaton jiki sumul yake, don haka abin da ya yi ƙanƙanta, launinsa kuma ya yi kusa da na maƙwabcinsa, in aka matsa mata lamba sai ta ɗauke shi datti. Ta ce ta ga an kai ma'auni tara, tana son sanin wanda ya ɗauka.

"Ni ne," in ji Auta. "Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa. Ya yi zaton faɗa, ko kuma lallashi, wanda ya fi faɗan ciwo. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tambayarsa ta yi yadda ƙafafun suke yanzu, da ya faɗa mata sai ta ce ya kira Likita nan take, wannan ba ya jiran lissafinta. Ya kira, aka ce Likita na ɗakin tiyata, sai ƙarfe biyu zai fito. Ta ce to suna da awa huɗu, ya jawo kujera.

Shi so yake a ɗauki allon nan haka a kai ƙofar ɗakin tiyata. Ta ce a'a, ba ta sani ba tukuna ko abin gaske ne ko sawun motsi ne, kuma ba za ta sa a tsaga bayan mutum a kan inuwa ba. Tana aiki tana ba shi labari, da murya irin ta mai karanta takardar magani. A farkon aikinta na terahaz an kawo mata wata tukunyar gas ta roba a duba ko da rauni a ɗinkinta. Danshin iska ya ɓata siginan, ta zauna ta share hoton har ya yi ƙyalli, ta sa hannu cewa lafiya lau. Akwai tsaga siririya kamar gashi, ita ta share ta. Tukunyar ta fashe a ramin gwaji, inda ba kowa, Allah ya taƙaita. Tun ranar ba ta ƙara yarda da hoto mai kyau ba sai ta ga abin da aka zubar kafin ya yi kyau. Ta ƙara da cewa tara za ta rubuta a rahoto, don tara aka sa. Ya ce ta rubuta.

Abin da Auta ya gani a awa huɗun nan bai taɓa ganin irinsa ba, shi da ke taƙama ya san injin. Ta baje ɗanyen siginan layi-layi, ta bi su da ido kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta nuna masa inda Yaya ya fara muskutawa, daidai daƙiƙar, don layukan wurin sun karkace daga 'yan'uwansu. Waɗanda za su gyaru ta lissafa karkatar ta mayar da su mazauninsu, waɗanda suka lalace ta ware su gefe, ba ta yi musu kwaskwarima ba. Ta sake gina hoton da ma'auni a kan biyu, abin ya leƙo. Auta ya miƙe, ta ce ya zauna. Ta cire wani kaso na layukan ta sake ginawa, ta mayar da su ta cire wani kason, har sau biyar. Ta ce abin da lissafi ya ƙirƙira yawo yake yi, yau nan gobe can, amma abin da injin ya ji ba ya gusawa. Sau biyar ɗin abin na nan daram, a gaɓa ɗaya. Shayinta ya huce har ya yi fata ba ta kula ba. Kunya ta kama Auta, ga kuma wani girmanta da ya cika masa ido. Shekara guda yana yi wa matar nan dariya a wurin shan shayi, ita kuwa tana nan a ɗakin zannuwa tana gadin mutanen da ko fuskarsu ba ta taɓa gani ba.

Likita ya fito da hular tiyata a kansa, ya tsaya a bayansu ya kalli allon, bai zauna ba. Ya tambaye ta mene ne. Ta ce wannan aikinsa ne, ita abin da za ta iya rantsewa a kai shi ne akwai abu a wurin, kuma injin ya ji shi. Likita ya ce a dawo da mai ciwo yau, a yi masa allurar kashe zafi da ta ruwan da ke haska ƙari. Auta ya ce Yaya ya rantse ba zai sake shiga ba. Injiniya ta ce minti uku kawai take so, a wannan gaɓar kaɗai, kuma za ta jera layukan yadda masu ɗauke da mafi yawan labari za su fara shiga, ko da ya motsa a minti na biyu ba za a tashi a banza ba.

La'asar sakaliya Auta ya isa gidan Yaya. Yaya na kujerarsa, matarsa na yanke masa farcen ƙafa. Da ya ji maganar komawa sai ya kau da kai, ya ce ai an ɗauka an ce ba komai, a bar shi ya ji da abin da ke damunsa. Auta ya zo da ƙarya a shirye tun daga mota, wai injin ne ya samu matsala. Ya buɗe baki, ya tuna matar da ta ce tara za ta rubuta don tara aka sa, sai ƙaryar ta maƙale. Ya durƙusa a gaban kujerar, da furfurarsa da komai, ya faɗi abin da ya yi tun daga huɗu har tara.

Matar Yaya ta ajiye abin yankan farcen. Ta ce kwana shida tana ɗaga mutumin nan tana saukewa, ashe garin neman gira aka rasa ido, kuma a rasa mai yi sai na gida. Auta bai ɗago ba, don ba ta faɗi ƙarya ba.

"Da hannunka?" in ji Yaya.

"Da hannuna, Yaya."

"Saboda me?"

"Ban so in mayar da ku ciki ba."

Yaya ya ce bakaniken da ya tausaya wa direba a gareji bai taimake shi ba, don hanya ba ta san tausayi ba. Ya juya ga matarsa ya ce ta ɗauko masa hularsa.

Wannan karon Injiniya na tsaye a bayan kujerar Auta, ma'auni a kan biyu. Yaya ya yi minti ukun cif, ko tari bai yi ba. Hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa, mummuna, irin wanda da Auta zai ji kunyar sa wa hannu. A tsakiyarsa ga ƙari nan fari fat, bai fi ƙwayar wake ba, ya danne laka ya tura ta gefe. Likita ya ce gobe da safe za a shiga da shi tiyata. A baranda ya ja Auta gefe ya faɗa masa gaskiya: da an kai wata gudan nan, da ƙafafun biyu sun tafi ba dawowa. Amma laka ba ta son jira, kuma bai san abin da kwana shidan suka ci ba.

An yi tiyata, an ciro ƙarin duka, aka ce ba mugu ba ne. Auta ya wuce ɗakin zannuwa don ya yi godiya, ya tsara maganganu a hanya, da ya isa duk suka gudu. Ya same ta ta buɗe sharar wani bawan Allah tana kallo. Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tambaya ko an gwada ƙafafun. Ya ce sai jibi. Ta ce in an gwada a faɗa mata, sannan ta juya ga allonta.

Ranar gwajin da safe Likita ya zo zagaye, ya yaye bargo daga ƙafafun Yaya, ya zaro mukulli daga aljihu. Ya ce Yaya ya kalli sama. Ya ja mukullin a tafin ƙafar hagu. Ƙafar ta zabura, Yaya ya ce wane marar kunya ne ke yi wa dattijo cakulkuli. Matarsa ta rufe baki da mayafi tana hamdala, hawaye na zuba. Likita ya koma ƙafar dama ya ja. Ya sake ja, da ƙarfi. Ya matsa babban yatsa ya ce Yaya ya motsa shi. Yatsan bai motsa ba. Likita ya ce a ba ta lokaci, wata takan farfaɗo bayan watanni, wata kuma ba ta farfaɗowa, ya mayar da mukullinsa ya wuce gado na gaba.

Auta na tsaye a ƙarshen gadon, ya kasa kallon kowa. Ya miƙa hannu biyu ya riƙe ƙafar damar, ya ji ta da ɗumi, jini na bugawa a cikinta.

"To, kuloci ya dawo," in ji Yaya, idonsa a kan rufi. "Saura birki. Auta, daina tsayuwa kamar baƙo, kama min ita ka murza."

Auta ya fara murzawa, tun daga diddige har yatsu, a hankali, sannan da ƙarfi, har hannuwansa suka yi zafi. Yaya ya jira, yana ta kallon rufi.

"Ka kama ne?"

"Na kama, Yaya."

"To ci gaba," in ji shi. "In na ji zan faɗa maka."